Awon Ƙafa a Rumfar Ciɗo

Tawa, farkon watan Maris

Zuwa ga jikata Zuhura, a Yamai.

Bayan sallama, ina fata kina lafiya, ke da mahaifiyarki Raƙiya da ƙannenki. Ni dai lafiya lau nake, sai ɗan abin da shekaru ke kawowa. Zafi ya fara amma bai kai ga hana barci ba. Habsatu maƙwabciyata tana aiko mini da tuwo, fura kuma ina saye a bakin titi, saboda haka kada wani ya ce maki tsohon mijinki yana kwana da yunwa.

Takardarki ta iso ta hannun direban motar Yamai. Na ji daɗi da kika rubuto da hannu. Na san 'yan zamaninku sun daina, amma salula ba ta yi mini amfani. In an kira, murya nake ji, ba magana ba, rubutun cikinta kuma ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta. Takarda kuwa ina fita da ita tsakar gida in karanta a hankali.

Na fahimci abin da kike so. Kin gama karatun zane da ɗinki, ke da ƙawarki Tina kun kama shago za ku buɗe butik, kuma kina son kayan hannu na ƙasarmu ta Adar: takalman fata, kayan wuya na azurfa, faifai, zanen saƙi, da tsofaffin littattafai in an samu. Duk akwai su a kasuwar Tawa, kuma na san inda kowa yake zama. Zan yi maki wannan sayayya.

Ina da dalilina na karɓa, kuma gara ki san shi. Bara da ubanki ya zo daga Abijan, ya zauna bisa tabarmata ya dubi ɗakin, ya ce mutum mai shekaruna ba ya zama shi kaɗai. Ya ce ranar da ya ji jiki ya gaza ni, zai rufe gidan ya kai ni wurinku Yamai. Shi ne ɗana na fari, ko sunansa ban taɓa kira ba, balle in tsaya muna musu. Amma gidan nan da albashin koyarwa na gina shi, a cikinsa kakarki Zaliha ta rasu, kuma maƙabartar da take ba ta da nisa da ƙofata. Ba ni da niyyar barinsa. In ya tambaye ki labarina, ki ce masa ina zagaya kasuwa ina yi maki ciniki.

Ki aiko da bayanin kayan dalla-dalla.

Kakanki,
Ɗahiru

*

Yamai, tsakiyar Maris

Zuwa ga Kaka, Mushe Ɗahiru, malamin makaranta.

Angona, ina gaishe ka da kyau. Muna lafiya. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ka rage shayin nan mai ɗaci. Na ce mata ba a raba tsoho da butarsa. Ka ce tsohon miji, to ni dai ban ga sabo ba tukuna, sai ka ci gaba da haƙuri da ni.

Shagon ƙarami ne amma wurin yana da kyau. Mun yi fenti, kafinta yana haɗa kantoci. Tina ta ɗauki ɓangaren ɗinki, ni kuma sauran kaya. Masu shiga irin wannan wuri ma'aikata ne da baƙi, abin da aka yi da hannu suke nema. Saboda haka takalman su zama balka masu maɗauri irin na da, jar fata da koren ado, kada a sa masu ledar nan mai ƙyalli da ake yayi. Na mata daga lamba talatin da bakwai zuwa arba'in. Na maza a yi arba'in da biyu kawai, an ce mini ita ta fi tafiya. Faifai masu launin ƙasa. Littattafai kuwa duk wanda ya tsufa, na Hausa ko na Faransanci ko na ajami, za mu ba su kanta ɗaya kusa da taga.

Kaka, kasuwa da nisa, ga zafi yana zuwa. Akwai Abdurazak da muka yi karatun lakwal tare, yana aiki nan Tawa kuma yana da babur. In ka ga abin zai yi maka nauyi, sai in sa shi ya karɓe ka.

Baba ya kira jiya. Na ce masa kana lafiya, ya ce to.

Amaryarka,
Zuhura

*

Tawa, ƙarshen Maris

Zuwa ga Zuhura.

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gida. Ina lafiya.

Na karanta maganar Abdurazak, na sake karantawa. Ban sani ba ko daga gare ki ta fito ko mutumin Abijan ne ya sa ki rubuta. In gwada ni ake yi, a faɗa mini a fili. Ba na bukatar ɗan kowa da baburinsa. Na riga na fara aikin, ga kuma yadda ya tafi.

Na fita bayan hantsi, na taka har babban titi, daga nan na hau kabu-kabu, ba don gajiya ba, don rana. Na fara da layin dukawa. Wanda nake nema sunansa Ciɗo. Ya yi aji biyu a hannuna lokacin ina koyarwa a Kalfu, kafin ubansa ya janye shi zuwa sana'a. Yanzu shi ma ya yi furfura. Na same shi zaune cikin tarkacen fata, basilla a baki.

"Mushe, ashe kana nan," in ji shi. "Ni anka ce ma ka koma Yamai."

"Wanda ya faɗa maka shi zai riga ni zuwa," na ce.

Ya share mini benci, na miƙa masa lambobinki. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya maido mini.

"Mushe, ka san ni da lamba tun Kalfu ba mu shiri. Wanga aiki da ƙafa aka yin shi. A kawo ƙafa in yanka."

Na ce masa ƙafafun suna Yamai. Ya ce to su zo, shi yana nan har la'asar.

Ba wasa yake ba. Haka dukawan nan suke aiki tun kakanninsu. Mutum ya taka kwali, a zagaye ƙafarsa da biro, dama daban hagu daban. Sa'an nan a ɗauki siririn fata a ɗora bisa bayan ƙafar, a ƙulla inda ya tsaya, wannan shi ne tsawon maɗauri. Ba su da wani awo ban da wannan, kuma ba ya son a koya masa sabo.

Na koma gida na yi tunani. Na mata bai yi wuya ba. Na duba lambar takalman robar Habsatu da na 'ya'yanta mata biyu da na matar ƙanenta, sai ga shi sun cika abin da kike so. Washegari suka tafi rumfar suna dariya kamar masu zuwa biki. Habsatu ta ce wa Ciɗo ya yi a hankali, ƙafarta ce za ta shiga Yamai tun da ita ba ta taɓa zuwa ba. Na maza kuwa, na tuna tun ina makarantar horon malamai lambata arba'in da biyu ce, ba ta taɓa canjawa ba. Na tuɓe takalmi na taka kwalin. Ciɗo ya zagaye, ya ƙulla, ya daɗe yana duban aikinsa. Ya ce in zauna in huta kafin in tafi. Na ce masa ba hutu ya kawo ni ba.

Daga nan na je wurin Alhusaini maƙerin azurfa. Buzu ne, kuma bai yarda a yi maganar aiki ba sai da shayi ya zagaya. Ya shimfiɗa kayan wuyan bisa baƙin ƙyalle, ya nuna mini zanen Tawa da na Agadas da na wasu garuruwa, kowane da siffarsa. Na zaɓi namu. Ya ce azurfar gaske ba ta ƙyalli da yawa, in masu sayenki suka yi ƙorafi ki ce su sa ta a jiki wata guda.

Masu faifai mata ne daga ƙauyen Bambai, ranar Lahadi suke shigowa. Sun yi mamakin mai son faifai marar launi. Ɗaya ta tambaye ni ko makaho zan kai wa.

Littattafai na samu wurin wani mai shimfiɗa kusa da tasha. Rabinsu gara ta taɓa. Na tsince masu kyau. A cikin wani littafin karatu na 'yan aji uku, irin wanda na koyar da shi shekara da shekaru, na ga jan biro a gefen shafi. Ban tabbata hannuna ba ne. Na saye shi, amma wannan ba na butik ba ne.

Na dawo gida bayan azahar. Gidan yana nan yadda na bar shi. Ki gaya wa mai tambaya.

Ɗahiru

*

Yamai, ƙarshen Afrilu

Kaka,

Ina gaishe ka. Muna lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba. Wannan ita ce takarda ta biyu da na aiko ban ga amsa ba. Na je tasha na tambaya, suka ce ba a ba su komai daga gare ka ba.

In fushi ne saboda Abdurazak, ka yi haƙuri. Wallahi Baba bai san da maganar ba. Ni ce na ga zafi na rubuta, ban yi tunanin za ka ɗauke ta haka ba. Ba wanda yake gwada ka. Kaya nake so, kuma ba ni da wanda ya san kasuwar Tawa kamarka. Na karanta wa Tina labarin mai faifai, har yanzu in ta ga abu marar launi sai ta ce na makaho ne.

Na kira salular Habsatu. Ta ce kana ɗaki kana hutawa. Na sake kira wata rana da safe, ta ce kana hutawa. Na ce ta kai maka ko gaisuwa in ji muryarka, ta ce ka hana a tashe ka. Ni ban san ka da barcin safe ba.

Muna so mu buɗe a farkon Yuni. Amma ba kayan ne suka dame ni yanzu ba. Baba yana tambaya duk mako, ina ce masa kana kasuwa. Ka rubuto ko layi biyu ne, angona, kada ka mai da ni maƙaryaciya.

Zuhura

*

Tawa, tsakiyar Mayu

Zuwa ga jikata Zuhura.

Gaisuwa mai yawa gare ki da Raƙiya da yara. Takardunki biyu sun iso. Ba fushi ba ne. Na karɓi bayaninki game da yaron nan, maganar ta wuce.

Zafi ne ya kwantar da ni ɗan lokaci. Bana Tawa ta yi zafin da ban taɓa gani ba, kuma ba ni kaɗai ba, har matasa sun kwanta. Habsatu tana da yawan tsoro, shi ya sa ta amsa maki haka. Yanzu na tashi. Ina salla a gida saboda rana, amma ina jin kiran kowace.

Kayanki suna cikin kwali biyu, na ba direban da ya saba kawo takardunmu. A na farko akwai faifai da zanen saƙi da littattafai. Zanen wani tsohon masaƙi ne daga wajen Tebaram ya yi, fari da baƙi, ƙwarya-ƙwarya aka haɗa shi. Ki ce wa Tina ta wanke shi kafin ta sa almakashi, yana shiga. Azurfar tana cikin safa a tsakiyar littattafan.

Takalman suna cikin na biyu. Ciɗo ya yi aiki mai kyau, ban ga inda zare ya kauce ba. Na maza sun ɗan makara, don akuyar mai rumfar kusa da shi ta cinye kwalin awona bayan ya yanka kashi na farko. Sai ya zo gida da kansa ya sake awo, ya ce bai ga dalilin da zan fita cikin wannan rana ba. Ya zauna mun yi hira har la'asar, ya tuna mini bulalar da na yi masa a Kalfu saboda ya kawo ɓera aji cikin aljihu. Ya ce har yau in ya ga alli bayansa yana ƙaiƙayi. Na daɗe ban yi baƙon da ya zauna haka ba. Na ɗaure kashi na farko da jan zare, na biyu da baƙi, don ki san duk sun cika.

Kin ga ke nan an gama, kuma ba a nemi babur ɗin kowa ba. In kun sayar kuna son ƙari, na san hanya. Allah ya sa albarka a shagon.

Kakanki,
Ɗahiru

*

Yamai, tsakiyar Yuni

Zuwa ga Kaka.

Ina gaishe ka, da fatan zafi ya sauka. An yi ruwan farko nan Yamai. Muna lafiya.

Mun buɗe. Kayan sun iso lafiya, ba abin da ya ɓace. Takalman mata sun kusa ƙarewa, ka gaya wa Habsatu ƙafarta tana yawo cikin ofisoshin Yamai. Azurfa tana tafiya a hankali. Littattafan kuwa mutane suna tsayawa su buɗe su shinshina, wasu su saya. Na gode, Kaka. Ba wanda zai yi mini abin da ka yi.

Yanzu maganar takalman maza. Ba a sayi ko ɗaya ba. Mutum na farko da ya gwada ya ce tsawon daidai ne amma ƙafarsa tana iyo a ciki. Na biyu ya taka, takalmin ya tsaya a baya. Na ɗauka ko ƙafafunsu ne sirara. Da aka rufe shago na kwance su duka na jera a ƙasa. Masu jan zare suna da faɗi, na hagu ya fi na dama. Masu baƙin zare sun fi su faɗi sosai, dama da hagu, kuma maɗaurin ya yi tsawon da hannuna yake shiga ƙarƙashinsa a dunƙule. Tsawon ƙasan duk ɗaya ne. Ka ce Ciɗo ba ya kuskure, kuma abin da ya taka kwali shi yake yankawa. Ke nan tsakanin Maris da Mayu ƙafarka ce ta zama haka.

Yayar Tina, Safi, tana aikin jinya. Ta shigo ta same ni zaune a ƙasa cikin takalma. Ban ce mata na wane ne ba, na tambaye ta abin da ke sa ƙafafun tsoho su kumbura haka su biyu. Ta ce sau da yawa zuciya ce ko ƙoda, kuma ba abin jira ba ne. Ta tambaya ko mutumin yana iya kwanciya sosai ko a zaune yake barci. Ban san amsar ba.

Kaka, ban gaya wa Baba ba. Na san abin da zai yi in ya ji, na kuma san abin da gidan yake a wurinka. Amma ba zan iya riƙe wannan ni kaɗai da daɗewa ba. Ka faɗa mini gaskiya. Ka je likita? Me suka ce? Zan jira amsarka kafin in yi magana da kowa, amma ka hanzarta.

Zuhura

*

Tawa, ƙarshen Yuni

Zuwa ga Zuhura.

Ina gaishe ki. An yi ruwa nan ma, mutane sun fita shuka. Game da lafiyata, tun da kin tambaya kai tsaye, ga amsa.

Na daɗe da sanin lambata, ban yi tunanin faɗi ba. Ban sa takalmi rufaffe ba tun rasuwar kakarki, silifa nake ja, shi ya sa ban lura da yadda abin ya kai ba. Na ɓata maki fata da aikin mutum. Ki maido su, ni kaɗai za su shiga.

Ƙafafun sun kumbura, gaskiya ne. A watan Afrilu numfashi ya yi mini wuya, Habsatu da mijinta suka kai ni likita, na kwana can wasu kwanaki. Ni na hana ta faɗa maki, kada ki ga laifinta. Lokotoron da ya duba ni ya ce zuciya ce ta gaji. Ya ba ni ƙwayoyi, ya hana ni gishiri da kanwa, ya ce in riƙa ɗora ƙafa bisa matashi. Ina yin duk abin da ya ce. Amsar tambayar Safi kuwa, a jingine nake barci, kuma ba ya damuna. Kumburin ya ɗan sauka.

Yanzu ga roƙona, kuma ban saba roƙo ba. Kada ki gaya wa ubanki. A Yamai za a ba ni ɗaki mai kyau da fanka, a riƙa gaishe ni safe da yamma, in zauna ina duban bango. Ba wanda ya san ni can. Nan kuwa in na zauna ƙofar gida, wanda ya wuce zai ce Mushe ina kwana, ko da shi ma jikoki gare shi. Ranar Juma'a ina zuwa wurin kakarki in cire ciyawa. Ƙwayoyin da za a ba ni can su ne ake ba ni nan. Lokotoro bai ce zan warke ba, bai kuma ce Yamai za ta warkar da ni ba. Abin da ya rage mini ina so in ƙarasa shi a inda na san hanyar bayan gida cikin duhu.

Ki ba ni zuwa kaka. In an cire amfanin gona jikin bai yi daɗi ba, ni da kaina zan sa a gaya masa.

Kakanki,
Ɗahiru

*

Yamai, tsakiyar Yuli

Kaka,

Ina gaishe ka. Allah ya ba ka lafiya.

Na jira. Kullum ina zuwa tasha, ba takarda. Salular Habsatu ba ta shiga. Na fara tunanin ko ka faɗi ne ba wanda ya sani. Ranar Juma'a Baba ya kira ya ce yaya tsoho, sai na kasa cewa kana kasuwa. Na gaya masa komai. Ya nemi lambar Safi. Ya riga ya taso daga Abijan. Zai kwana biyu nan, ya ɗauki mota ya zo Tawa. Inna tana gyara ɗakin da ke kusa da falo.

Na rubuta wannan jiya ban rufe ba. Yau da safe takardarka ta iso, ta jiƙe ta bushe. Ruwa ya yanke hanya, motar ta lalace a wani ƙauye, jakar saƙonni ta zauna can har aka tuna da ita. Na karanta a tsaye cikin tasha. Na kira Baba na ce ko a bari zuwa kaka. Ya ce ya ji, amma yana zuwa.

Da ta iso da wuri ban san abin da zan yi ba. Wataƙila da na yi shiru, wataƙila da ban iya ba. Ba zan ce maka na tabbata ba. Ka yafe mini, angona.

Zuhura

*

Tawa, ƙarshen Yuli

Zuwa ga jikata Zuhura.

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Jikina da sauƙi. Gero ya kai gwiwa a gonakin bayan gari, in ji masu zuwa.

Takardarki ta iso. Ba abin yafewa. Kin jira iyakar jiranki, ruwa kuma ba ya shawara da kowa. Na yi fushi kwana ɗaya, ban san da wa ba, sai na bari.

Ubanki ya aiko ta bakin mijin Habsatu cewa ranar Asabar zai iso. Ba zan yi musu da shi ba. Ban yi ba yana yaro, ba zan fara yanzu ba. Ya ce wata biyu ne kawai a duba ni a dawo da ni. Na ce to. Shi ya san ba haka ba ne, ni ma na sani, kuma ba laifi a bar maganar a haka.

Na shirya abin da zan iya. Habsatu za ta riƙe gidan, ta riƙa buɗe tagogi saboda gara. Kajin na bar mata. Na ce wa Ciɗo za ki ci gaba da son na mata, awonsu yana wurinsa, ya rataye shi sama inda akuya ba ta kaiwa. Na maza kuwa ki nemi wani mai lafiya ya taka masa kwali. Abdurazak ɗin nan naki zai yi, in ƙafarsa ta kai. Jiya na je maƙabarta, mijin Habsatu ya kai ni. Ciyawa ta yi yawa bana, ban gama ba.

Kayana akwati ɗaya ne da buta. Kada a sayo mini komai.

Abu ɗaya nake so ki faɗa masa, tun da ke yana jin maganarki. In ya iso, kada ya shigo ya kama ni ta hannu gaban mutanen unguwa. Ya tsaya da motar a bakin titi. Zan rufe ƙofata, in taka zuwa wurinsa da kaina. Ba nisa. In ya ga na tsaya a hanya, ya jira.

Kakanki,
Ɗahiru